Jan mayafin Kawu Bushta

Talata, 2 ga Mayu
Sun kafa kyamarar kama masu gudu a bakin makaranta, kan hanyar Khenifra. Mu direbobin tasi mun sa mata suna Mai Ido Ɗaya. Kawu Bushta, yayan Ummi mahaifiyata, tsohon ɗan gurguzun da ya taɓa cin shekara shida a kurkuku, shi kaɗai ke murna. Wai ɗan sanda fuska yake dubawa, ita kuwa ba ta san ɗan mai kuɗi ba. Na ce, "Kwamared, yaushe ka zama surukin gwamnati?" Ya jefe ni da takalmi.

Laraba, 3 ga Mayu
Jam'iyyar su Kawu ta rabu biyu. Ɓangaren Si Mulud, mai neman kujera, sun ce kyamarar tarkon talaka ce, a fito zanga-zanga. Kawu ya ce yara uku aka take a wurin. Suka yi masa ihu.

Juma'a, 5 ga Mayu
Ana sallar Juma'a, titi ba kowa. Na ɗauko jan mayafin da Kawu ke ratayawa ranar ma'aikata, na ɗaura wa Mai Ido Ɗaya kallabi, na rufe idon ruf. Amarya sak! Da na koma gida cin abinci, na yi dariya har kuskus ya shaƙe ni. Allah Ya yafe mini sallar.

Asabar, 6 ga Mayu
Sun kama Kawu. Innalillahi.

Lahadi, 7 ga Mayu
Ban yi tunanin wannan ba, wallahi. Duk garin an san mayafin. Kuma duk garin an san mutum ɗaya ne ba ya zuwa Juma'a. Ni kuwa mai izu sittin a ka, wa zai zarge ni? Har liman ya ce ya gan ni a sahu na biyu!

Litinin, 8 ga Mayu
Si Mulud, wanda ya kira Kawu maci amana ranar Laraba, yau ya buga hotonsa: "Gwarzon da ya makantar da azzaluma." Mutum ɗari biyu suna ta kiran sunansa. Na tsaya baki buɗe.

Laraba, 10 ga Mayu
Na kai wa Kawu magungunan sukarinsa a inda ake tsare da shi. Ya rame. Ashe ya amsa laifin. Na fara, "Kawu, ai ni..." Ya ce, "Rufe mini baki, shashasha. Ƙullin nan irin na ɗaurin kayanka ne, tun a hoto na gane. In suka karɓe lasisinka, uwarka ta ci me?" Sai ya ƙara da cewa, "Abin da ke cina, Ayashi, shekara biyu ina rubuta takarda a kawo na'urar nan. Yanzu da sunana za a cire ta."



Juma'a, 12 ga Mayu
Na je masallaci da wuri. Da na wuce makaranta, fasinja ya ce, "Kai, jaki muka hau ne?" Ban ƙara wuta ba. Ba don kyamara ba, taya ce ba ta da iska.

Na bar wa Ummi makullin mota a kan firij. Na sa riga mai kauri, zan miƙa kaina ga 'yan sanda. Kawu ya ce ɗakin can akwai sanyi.