Fankar da ka ce a yi wa walda

Zuwa ga Yayana Abdulganiyu a Jidda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya, kai da Ni'imatu da yara, Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan Umdurman mun gode Allah. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, har tana fita tsakar gida da kanta. Amma ba gaisuwa ce ta sa na zauna rubutu ba, Yaya. Raina a ɓace yake, kuma da kai nake.

Ka tuna na faɗa maka lorin gidanmu tana zafi duk lokacin da na ɗauko siminti daga Bahri. Zubairu, mijin ƙanwarmu Sittana, ya buɗe ta a garejinsa ya ce kulocin fanka ne ya mutu, wato abin da ke sa fanka ta kama idan injin ya yi zafi, ta saki idan ya huce. Ya ce a sayi sabo a kasuwar Suk al-Shabi a ɗaura, a huta. Kai kuwa daga can, ta waya, ka ce sam, a yi masa walda ya kame, fanka ta dinga juyawa tare da injin, haka Baba yake yi wa lorinsa tun muna Jazira. Zubairu ya yi maka bayani cewa fankar Baba ta ƙarfe ce, wannan ta roba ce, ba a yi ta don wannan gudun ba. Ka ce wai yaran yanzu ba su iya komai ba sai canja kaya. Ya bi maganarka don kai ne babba, kuma surukinsa. Ni ma ban hana ba.

To, an yi waldar. Zubairu ya sunkuya kan injin yana saurare, ya ce in taka totur, na taka. Reshe ɗaya na fankar ya ɓalle, ya tsaga lagireto, ɓarin ya same shi a idon hagu. Ni na ɗauke shi zuwa asibiti, jininsa har cikin aljihun jallabiyata. Likita ya ce an yi abin da za a iya, amma sai an kwance bandejin za a san ko idon zai sake gani. Bakanike ne fa, Yaya, da idon nan yake ciyar da 'ya'ya huɗu.

Lorin kam ta tashi. Na sayi sabon kuloci da lagireto, Salahuddin abokin aikin Zubairu ya ɗaura, ko gumi ba ta yi yanzu. Kada ka sake kirana kana tambayar mota. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, sau nawa ka kira tun ranar, ba ka taɓa neman Zubairu ba. Shi kuwa yana kwance yana cewa ƙaddara ce, kada a ga laifin kowa. Ni na ga laifinka, kuma na ga nawa. Ka kira shi da bakinka kafin a kwance bandejin nan, kada ka jira ka ji sakamako tukuna.

Ka gaishe da Ni'imatu da Zainul'abidin da ƙannensa. Inna tana sa maka albarka, matata Laraba da yara suna gaisuwa. Na tambayi Sittana ko in sa gaisuwarta, ta ce in bar wurin haka nan.

Ƙaninka,
Ishaku