Duhu a Gefen Allo

Chisanje, 7 ga Maris 2005

Zuwa ga 'yata Tiwonge,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kina lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai a Blantyre. Mu nan lafiya ƙalau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗagawa. Innarki Nyalongwe tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko har yanzu kina iya tuƙa tuwon rogo, ko kuwa burodin birni ya kashe miki hannu.

Bayan haka, abin kunya ne ya sa na ɗauki biro. Ni Alufeyo Manda, da na koya miki riƙon sukudireba tun kina yawo da majina, yau ni ke neman shawararki. Ki yi dariyarki ki gama, sannan ki karanta.

Sabar asibitinmu ce, babbar kwamfutar nan da ke riƙe da sunayen marasa lafiya da magungunansu. Ita kanta tana aiki, fankarta na juyawa, 'yan ɗakin magani suna samun abin da suke nema a nasu kwamfutocin. Allonta ne ya ɓaci. Gefe-gefensa ya yi baƙi kamar gindin tukunya, tsakiya kawai ake gani, rubutun kuma da wani bakan gizo kewaye da shi. Na ƙure hasken har ƙarshe, a banza. Kin san duk Juma'a nake kwafe bayanan a kaset, kuma a wannan allon nake yi. In na buga harafi ɗaya ba daidai ba, sai in goge abin da na zo adanawa.

Ban faɗa wa kowa ba. Shekara shida makullin ɗakin nan yana wuyana, ba wanda ya taɓa shigowa ya ce mini ga yadda ake yi. Kada ki neme ni ta oba-oba, rediyon kiran nan na asibiti, don duk abin da aka faɗa a cikinta, kafin rana ta take ya isa bakin masu shanyar kifi. Ki rubuto, jirgin ruwan Litinin zai kawo.

Ki huta lafiya.
Kawunki, A. Manda

*

Blantyre, 22 ga Maris 2005

Kawu,

Ina gaishe ka da ladabi, ina gaida Inna. Ka gaya mata hannuna lafiyarsa lau, garin rogon nan ne bai kai na gida ba.

Na yi dariyar kamar yadda ka ba ni izini, har abokiyar aikina ta leƙo ta ce, “Ke kuma lafiya? Miji kika samu?” Na ce mata a'a, abin ya fi miji, malamina ne ya kawo mini jinya.

To ga magani. Da farko, rediyon nan naka da ba ka rabuwa da shi, na san yana kan teburin, jikin monita. Ka ɗauke shi, maganaɗisun sifikarsa yana jan launi. Sannan ka danna maɓallin da ke sa allo ya yi dum ya girgiza, sau biyu, da tazara tsakaninsu. In bai washe ba, ka zare wayar da ta haɗa monita da saba ka duba bakinta, wataƙila haƙori ɗaya ya lanƙwashe. Ga sabuwar waya nan na saka a ambulan, don na san ba za ka yarda taka ce ta tsufa ba. In duk wannan bai yi ba, ka aro wata monitar ka jona.

Amma abu ɗaya-ɗaya za ka riƙa canzawa, kana gwadawa. Kai ka koya mini haka, ranar da na kwance rediyon fasto gaba ɗaya na zauna ina kuka. Ka ce wanda ya canza komai a lokaci guda ba zai taɓa sanin mai laifi ba, kuma abin da ya rage ba a canza ba, shi za a kama.

Rubutunka ya ƙara girma, Kawu. Ko takarda ta yi araha a Chisanje?

Taka mai biyayya,
Tiwonge

*

Chisanje, 18 ga Afrilu 2005

'Yata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta iso da wayar, na gode. Zancen rubutuna kuwa, biron ne mai kauri, ki bar ni.

Na bi abin da kika ce ɗaya bayan ɗaya, kamar ɗan aji ɗaya. Na kore rediyo, ina zaune shiru kamar mai takaba. Na danna maɓallin har na ji tausayinsa. Na sa sabuwar waya. Duhun yana nan, har ma ya ƙara matsowa ciki.

Na je na aro monitar Matron Kamanga. Ta ce, “Manda, lafiyarta ƙalau na ba ka, lafiya ƙalau nake son ta. In ka kashe mini ita, kai zan ɗora a teburin.” Na jona, ita ma haka. Da na mayar mata sai ta kunna, ta ce, “Me ka ce ya same ta? Ga ta nan tar.” Na koma na cire katin hoto daga wata tsohuwar kwamfuta na sa wa sabar, bai canza komai ba. Na gwada da wutar sola, na gwada da janareta.

Yanzu ga monitar tawa nan na naɗe da bargo na sa a kwali, mai dafa abincin jirgi zai ba direban motar da ke zuwa wajenku daga Nkhata Bay. Ki buɗe cikinta ki duba da kayan aikinku na birni. Dole akwai abin da ya ƙone a ciki, ni dai ban gan shi ba. Kwafin Juma'a ina yinsa da ka, yatsuna sun san hanya.

Ki duba da kyau, 'yata. Ki duba sau biyu.

Kawunki

*

Tiwonge 'yata,

Ina gaishe ki. Wannan takardar na cusa ta ƙarƙashin busasshen kifin da na sa miki a kwalin, kawunki bai sani ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a makaranta ba.

Ni ban san kwamfuta ba, amma na san mijina. Tun Kirsimeti ya jingine kekensa, ya ce taya ce, alhali tayar lafiyarta lau. In na ajiye masa shayi a gefe sai ya ce ban kawo ba, sai na turo kofin gabansa. A coci yana riƙe littafin waƙa a buɗe, amma shafin da ya buɗe daban, waƙar da ake yi daban. Ranar Lahadi ya wuce fasto a bakin hanya bai gaishe shi ba, mutane suka ce girman kai, ni kuwa na koma gida na shiga madafa na yi kukana.

Na ce masa, “Maigida, mu je Mzuzu a duba idon nan.” Ya ce, “Wane idon? Ke da ba ki san bambancin saba da akwatin talabijin ba, yau kin zama likita?” Na ce, “To tashi ka ɗauko mini tsintsiyar can.” Ya juya kai gaba ɗaya yana nemanta, ga ta nan kusa da ƙafarsa. Sai ya ce in yi wa Allah kada in faɗa wa kowa, don ranar da asibiti suka ji, ranar za su karɓe makullin.

Yana ciwon kai kullum. Tsoro nake ji. Maganarki kaɗai yake ji, ki yi sauri.

Innarki, Nyalongwe

*

Blantyre, 6 ga Yuni 2005

Kawu,

Ina gaishe ka, kuma ina neman gafara tun kafin in fara. An tura ni aiki Chipata sati biyar, kwalin yana nan ofis yana jirana. Sai shekaranjiya na buɗe shi.

Na jona monitar. Na duba sau biyu kamar yadda ka ce, na kira mutum uku suka duba. Hotonta fes, daga wannan kusurwa har waccan. Na bar ta a kunne wuni guda, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ban buɗe cikinta ba, don ba abin da zan nema.

Kawu, mu bi ƙa'idarka. Ka canza waya. Ka canza monita. Ka canza katin hoto, ka canza wuta, ka kore rediyo. Matron ta kalli allon da ka ce ya yi duhu, ta ce tar yake. Abu ɗaya ne ya rage a ɗakin nan da ba a canza ba, shi ne wanda ke zaune a kan kujera.

Na tambayi wata likita a cocinmu, ta ce duhu daga gefe da bakan gizo kewaye da haske alamar hawan jinin ido ce. Ta ce abin da ya tafi ba ya dawowa, amma ana iya tsare abin da ya rage, in an yi sauri. Kowane sati yana cin wani abu. Don Allah ka hau jirgin Litinin, zan tare ka a Nkhata Bay mu wuce Mzuzu. Makulli ƙarfe ne kawai, Kawu.

Kada ka yi wa Inna faɗa. Ko ba ta rubuto ba, monitar ta faɗa.

'Yarka,
Tiwonge

*

Chisanje, 20 ga Yuni 2005

Tiwonge,

Na samu wasiƙarki. Monita na aiko miki, ban aiko miki da kaina ba. In gyaran ya fi ƙarfinki ki ce ya fi ƙarfinki, ki dawo mini da kayana. Ba inda zan je.

A. Manda

*

Blantyre, 10 ga Oktoba 2005

Kawuna,

Ina gaishe ka, ya jiki, ya ƙafar? Ka ga da alƙalamin rubuta kwali nake rubutu, kowane harafi kamar ɗan yatsa. Wannan ce ta huɗu da na aiko haka tun da muka rabu a Mzuzu, ba ka amsa ko ɗaya ba.

Ba na iya mance muryar Inna a oba-oba ranar da ka taka gefen katakon gadar jirgi ka faɗa ruwa. Ba na kuma iya mance likitan idon da muka kai ka wurinsa bayan nan, da ya ajiye fitilarsa ya ce idon hagu ya riga ya tafi, na dama saura kamar ramin allura, ya ce, “Baba, da a watan Maris ka zo, da wata magana muke yi.”

A watan Maris ni kuwa waya na aiko maka. Na ga rubutunka ya girma, na mai da shi abin tsokana. Na bar takardar Inna sati biyar a ƙarƙashin kifi. Da ka ce ba za ka zo ba, na yi fushi na yi zamana, alhali jirgin da zai kawo ka shi zai iya kai ni. Wannan abin yana cin raina, Kawu, ba na jin daɗin komai. Ka yafe mini.

Monitar tana cikin jirgin wannan satin. Kana ɗiga maganin kullum?

'Yarka,
Tiwonge

*

Chisanje, 24 ga Oktoba 2005

'Yata,

Gaisuwa mai yawa. Ni ke faɗa, innarki ke rubutawa, in kin ga kuskure nata ne.

Ba abin da zan yafe miki. Tun ranar da Matron ta ce ga ta nan tar na sani, kai, tun kafin nan ma. So nake ki samo mini wata waya mai laifi, ko da ƙarya ne. Kika ƙi, domin kuwa haka na koya miki.

Monitar ta iso. Na jona ta da hannuna, ban nemi taimakon kowa ba. Na dafa bayanta na ji ɗumi, innarki ta ce hoton fes yake. Jiya na ba Matron makullin, sun ce wani zai zo daga Mzuzu. Ta riƙe hannuna ta daɗe, ba ta tsokane ni ba, wannan ne ya fi mini ciwo.

Ki zo Kirsimeti. Kuma ki daina rubutu da manyan haruffan nan, ɓarnar takarda kawai kike yi. Innarki ce ke karanta mini yanzu, ita kuwa idonta lafiya lau.

Ki huta lafiya.
Kawunki