Tallafi ko Kamu?

Kano, ranar Talata

Yaya 'Yar'azumi,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baba da yaranki. Yaya ruwa a Baturiya bana?

Na ba Gambo direba wannan takarda don Baba ya daina ɗaukar wayata, taki kuma kullum ba sabis. Kin san likitanci na nema tun farko, aka tura ni karatun yadda jikin ɗan Adam ke aiki. Yanzu ina ajin ƙarshe, kuma wanda ya fita da sakamako mai kyau yana iya neman shiga aji biyu na likitanci. Guraben kaɗan ne, masu nema kuwa kamar fara.

To, wata gidauniya ta yi mana jarrabawa, ni na zo ta ɗaya. Za su ɗauki nauyin karatuna, kuma takardar shaidarsu tana da nauyi a gaban kwamitin da ke tantance masu shiga likitanci. Na kira Baba da murnata na ce, "Baba, na samu tallafi!" Ya ce, "Ki mayar musu," ya kashe. Bayan Sallah za a miƙa shaidar, in ban je ba ta wuce ni. Yaya, me na yi masa? Wallahi ko abinci ba na iya ci.

Ƙanwarki,
Ummussalma

Baturiya, ranar Juma'a

Likitar gobe,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ruwa ya yi mana da sauƙi bana. Ga banda nan na ba Gambo, ki ƙirga kawunan don ban yarda da shi ba.

Ke dai boko ya cika miki kai har ya ture Hausar gida. Duk kalmomin duniya ki rasa wadda za ki faɗa wa Baba Mala sai tallafi? A nan tallafi shi ne buhun shinkafa da tabarma da bargo, abin da ake raba wa wanda ruwa ya cinye.

Akwai abin da muka ɓoye miki don kada ki kasa karatu. Shekarar babbar ambaliya, da ruwa ya tafi da gona da kwale-kwale, Baba ya je Haɗejiya ya shiga layin rabo, shi da bai taɓa roƙon ko gishiri ba. Masu rabon suka ce ya dafa buhu ya yi murmushi, suka ɗauki hoto. Bayan nan aka buga hoton a ƙaton allo a bakin tasha. Ya daɗe bai shiga gari ba, kifinsa ma ni nake kai masa kasuwa. Shi yanzu gani yake kin je kin yi musu kukan talauci, za a sa ki dafa buhu ke ma. Ya ce gara ya sayar da tarunsa.

Rubuto masa, ni zan karanta. Ki rage Turancin nan naki.

Yayarki,
'Yar'azumi

Kano, ranar Litinin

Zuwa ga mahaifina, Baba Mala,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Baba, ka yafe mini, bakina ne ya yi kuskure. Ban roƙi kowa ba, kuma ba wanda ya tambaye ni halin gidanmu. Tambayoyi aka rubuta a kan jini da zuciya da ƙoda, muka zauna muka amsa.

Ba don kuɗin nake kuka ba, ka ɗauki nauyina har yau ban kwana da yunwa ba. Amma ranar tantancewa kowa zai zo da sakamako mai kyau irin nawa. Wasu iyayensu likitoci ne, wasu an san gidansu. Ni ba wanda ya san ni. Wannan shaida ce za ta ce musu wasu malamai daban sun gwada yarinyar nan sun ga ta iya. Ita ce za ta yi mini magana a ɗakin da ba ni da kowa.

Duk da haka, in ka ce in bari, na bari. Ba zan zama likita da fushinka ba. Sai dai zan ji ciwonsa, ba zan ɓoye maka ba.

'Yarka mai biyayya,
Ummussalma

Baturiya, ranar Alhamis

Ummu,

Sallama da gaisuwa. Na karanta masa yana gyaran taru, ko kai bai ɗaga ba. Da na zo wajen "ɗakin da ba ni da kowa" sai ya ce hayaƙin banda ya shigar masa ido, alhali ranar ban hura wuta ba.

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Tambaya ɗaya ya ce in yi miki, kuma ki ji tsoron Allah wajen amsa: shin ɗan mai kuɗi yana neman abin nan? In na talakawa ne kaɗai, ya ce ko da zinare aka rubuta shi sunansa sadaka.

Ki yi sauri, na gaji da zama gidan waya.

'Yar'azumi

Kano, ranar Asabar

Yaya,

Ina gaishe ku. Ki faɗa wa Baba wanda ya zo na biyu Khalid ne, ubansa yana da gidajen mai, da mota yake zuwa makaranta. Ya nema don shi ma likitancin yake so, bai samu ba. Har ubansa ya zo ya ce ba ya son ko sisi, takardar kawai a ba ɗansa. Aka ba shi haƙuri. Allah ne shaidata.

Ummussalma

Baturiya, ranar Laraba

Ummussalma,

Assalamu alaikum. Ni ne ubanki nake faɗa, yayarki na rubutawa, kuma na hana ta ƙara gishiri.

Na ji. Abin da mai mota ya jefa taru bai kama ba, ke kika kama, wannan kamu ne. Masunci ba ya mayar da kamunsa ruwa. Ki karɓa. Shiga likitanci kuma na Allah ne, muna addu'a.

Ki tambaya mini, ranar da za a kira sunanki, ko ana barin uba ya shiga. In ana bari, ki ce musu su ajiye kujera ɗaya. In ba a bari, zan tsaya a bakin ƙofa, kunnena na ji sarai.

Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Mala