Soket ɗin bayan labule

Baba, barka da tashi.

Na gano! Wallahi na gano abin da ke hana hotunan nan buɗewa da wuri. Har tsalle na yi a falo, Umma ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Ashe kwamfutar ba ta da laifi, ba sai an kai ta wurin mai gyara ba. Manhajar sai ta yi wa kowane hoto ɗan ƙaramin kwafi kafin ta riƙa nuna su da sauri, mu kuma hotuna dubu shida muka jibga mata. Duk sanda ta yi nisa, sai wani bawan Allah mai tattalin wuta ya bi ɗaki-ɗaki yana kashe soket, ita kuma ta koma farko. Sati uku ke nan! Ni dai ban kama suna ba.

Tun safe na bar ta tana aikinta, har ta wuce rabi. Waɗanda ta gama kuwa, kafin ka ƙifta ido sun buɗe. Don Allah kada ka taɓa soket ɗin bayan labule, na manna masa salatif. Kaka za ta zo da yamma, kuma na yi mata alkawari yau za ta ga hotunan marigayi Kakanmu.

Na makara, na gudu wurin aiki.

Af, na ci karo da hotonka na samartaka, da uban gashi da wando mai faɗin ƙafa. Ban tura wa kowa ba tukuna. Ya danganta da soket.

Autarka