Bahago Ya Tsaya Jiran Ƙirga

Litinin, 3 ga Maris

Mutum huɗu yau a wurin atisaye. Buhun naushi shida, ɗalibai huɗu. Sauran duk sun tsallaka titi wurin masu faɗan keji, inda ake naushi da shuri da kokawa a haɗe kamar rigimar tasha. Shekara talatin ina koyar da boksin, wai yanzu ni ne tsohon yayi.

Laraba, 5 ga Maris

Bahago ma ya tafi. Ɗan cikina, wanda na naɗa wa bandeji tun hannunsa bai cika safa ba. Ya ce, "Baba, can ake kallo, can ake kiran mutum wasa." Na ce Allah ya ba da sa'a, amma ƙafata ba za ta taka can ba. Raina ya ɓaci sosai.

Asabar, 15 ga Maris

Ni da Bahago ba ma magana sai gaisuwa. Mamansa ta ce mu biyun kanmu ɗaya, dutse.

Asabar, 29 ga Maris

Na je kallon wasan Bahago a keji. A baya na zauna, na ja hula.

Zagaye na farko ya sakar wa abokin karawarsa naushin hagu, sai ga mutumin tim a ƙasa! Na miƙe ban sani ba. Sai yaron nan nawa ya juya, ya taka zuwa kusurwa yana jiran alƙali ya ƙirga. A keji babu ƙirga, bin mutum ake har ƙasa. Wancan ya tashi, ya sure shi ta baya, ya maƙure shi. Shi ke nan.

Mutane na dariya. Ni na san daga ina ya samo. Sau dubu na daka masa tsawa: in mutum ya faɗi, ja da baya. Ni na kayar da shi, da bakina.

Lahadi, 30 ga Maris

Ya ce, "Baba, ƙafafuna ne suka tafi da kansu." Muka yi ta dariya har mamansa ta leƙo. Rabon da mu yi haka an daɗe.

Talata, 1 ga Afrilu

Mai koyar da masu faɗan kejin ya zo wurina, wani gajere mai murɗaɗɗen kunne. Da ladabi, abin haushi. Wai yaransa ba su iya naushi ba, suna wurga hannu kamar masu korar ƙuda, ko zan riƙa duba su? Gaskiya ya faɗa. Na ce zan yi tunani.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Sau uku ke nan ina tsallaka titi. Don gyaran naushi kawai, ba wani abu ba.

Bahago ya ce in tsaya masa a kusurwa a wasa na gaba. Na ce mai kusurwa dole ya san abin da zai faɗa in an kai ƙasa, don haka ya nuna mini maƙurar nan sau ɗaya. Ya nuna sau bakwai. Wuyana ba ya juyawa.

Gobe ƙarfe huɗu kuma.