A Wanke Sunan Innata Kan Ciwon Baba

Zuwa ga babban jami'in da ke duba ɗakunan shan magani na ƙasarmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Ni manomi ne daga wani ƙauye kusa da Ajingi. Ajin yaƙi da jahilci kaɗai na yi, a yi haƙuri da rubutuna. Sau uku ina zuwa ofishinka a Gaya a kan keke, ana cewa ka fita rangadi. Shi ya sa na rubuto a fili, tunda a fili aka ɓata sunan mahaifiyata.

Na ɗaya. Bara kafin damina likita a Kano ya ce Baba yana da hawan jini, ga kumburin ƙafa. Ya rubuta masa ƙwaya, ya ba ni takarda da Turanci in kai wa malamin ɗakin shan magani na wajenmu, wanda zai riƙa ba mu maganin duk wata. Ina kallo likita ya ja layi biyu da jan biro, ya ninke ta, ya maƙale da allura. Na kai hannu da hannu. Malam ya jefa ta a aljihun tebur, ya ce a daina sa wa Baba gishiri, shi ke nan.

Na biyu. Inna ta daina. Amma Baba ya kasa cin miya salam, yana ta ramewa. Sai ta yi abin da ta ga iyayenta suna yi in gishiri ya yanke: ta ƙona karan gero, ta tace ruwan toka tana ɗiga masa a miya. A shekarar da gyaɗa ta ƙi, malamin gona ya kawo mana irin waken soya, ya ce yana gina jiki. Inna ta yi daddawa da shi, tana kuma dama wa Baba kununsa safe da yamma. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Sau biyu ina tambayar Malam ko takardar likita ta hana toka ko waken nan. Ya ce ya karanta, ba komai, ai toka ba gishiri ba ce.

Ba tambaya kaɗai ba, ranka ya daɗe. Mutumin nan baƙo ne a garinmu, ba shi da iyali a nan, kullum daga gidanmu ake kai masa tuwo. Ya zauna tabarma ɗaya da Baba, ya sa hannu a kwanon Baba, ya ce miyar ta yi daɗi. Inna ma "ɗana" take ce masa.

Na uku. Bayan girbi ƙafafun Baba da hannayensa suka mutu, ko buta ba ya iya ɗagawa. In na dafa ƙirjinsa sai in ji zuciyar ta buga, ta tsaya, ta sake bugawa. Muka ɗora shi a lori zuwa Kano. Da aka auna jini, likita ya yi mini bayani da Hausa. Ya ce akwai wani gishiri a jini da suke kira fotasiyam. Irin ƙwayar Baba tana riƙe shi a jiki, ga ƙodar tsoho ba ƙarfi, toka kuwa cike take da shi, waken soya ma yana da shi da yawa. In ya taru, zuciya yake taɓawa. Ya ce waken ba guba ba ne, abinci ne mai kyau ga mai lafiya, kuma ba duk maganin hawan jini ne haka ba. Sannan ya tambaye ni ina takardar da ya bayar, ai ya rubuta a kiyaye toka da yawan wake, a kuma dawo awon jini.

Na koma wajen Malam na karɓo ta da ƙyar. Ranka ya daɗe, allurar tana nan inda likita ya maƙala ta. Har ta yi tsatsa, ta bar shaida a jikin takardar. Ba a taɓa buɗe ta ba.

Na huɗu, kuma nan ne abin ya fi ci mini rai. Ranar kasuwar Ajingi mutane suka tambayi Malam me ya sami Baba. Ya ce maganinsa ba laifi, matar gida ce take sa wa mijinta wani abu a abinci. Ka san yadda magana take girma a hanya. Kafin sati, ƙannen Baba suka zauna, suka ce ba su yarda ta sake dafa masa ko ruwan zafi ba. Yayanta ya zo ya tafi da ita Kademi. Matar da ta yi aure tun ba a haife ni ba, yau ko gidan suna ta je sai a janye kwano daga gabanta. Ita kuma ta yarda ita ce mai laifi, don ta ce malamin asibiti ba ya ƙarya.

Na nuna wa baffannina takardar, suka ce ba sa jin Turanci, ni ma ba na ji. Gaskiyarsu.

Ga roƙona. Ka turo wanda zai karanta takardar nan da Hausa a gaban dagaci da baffannina, Malam yana tsaye, ya faɗa da bakinsa cewa an tambaye shi ya ce ba komai. Ka kuma sa a duba aljihun teburin nan, don na ga ba tamu kaɗai ce a ninke ba. Duk wanda ake bai wa ƙwayar hawan jini, a gaya masa da harshensa me zai ci, me zai rage, kada mutane su ji labarinmu su watsar da magani don tsoro.

Baba ya samu sauƙi, likita ya canja masa ƙwaya, yana dogara sanda. Na karanta masa wasiƙar nan kafin in aiko. Ya ce in ƙara cewa shi ba ya so a kori kowa daga aiki, matarsa yake so ta dawo ɗakinta da mutuncinta.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon yin adalci, ya sa kada ka ga ranar da za a yi wa mahaifiyarka haka.

Wassalam.

Ɗanjuma Habu,
daga ƙasar Ajingi.