Jami'ar da Ba a Tambayar Kwana

Auta,

Ina gaishe ki da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar Baba? Ki ce wa Umma ina cin abinci, ta daina cewa na rame a hoto.

Kin tambaye ni wacce za ki zaɓa, jami'armu ko ƙaramar da ta ba ki gurbi. Tamu dai ta yi suna. In na sa rigarta na shiga mota, har matsa mini ake yi in zauna. Lafiya lau nake, alhamdulillahi.

Sai dai farkon zuwana na riƙa tsayawa ina tambayar maƙwabtan ɗakina yadda suka kwana. Wata ta dube ni ta ce, "Wani abu kike so?" Daga nan na koyi wucewa shiru. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata. Ba mugunta ba ce, kowa tsoro yake kada a wuce shi a karatu.

Na leƙa ƙaramar jami'ar lokacin hutunmu. Fentinta ya koɗe, wani ajin har yoyo yake. Amma ina zaune wani malami ya fito yana cigiyar ɗalibin da bai gani ba da safe, yana kiran sunansa.

Baba zai so ki zo nan, ya samu abin faɗa wa abokansa. Wannan na riga na ba shi, ya ishe mu mu biyu. Ke ki tafi inda za a yi cigiyarki.

Allah ya zaɓa miki mafi alheri. Ki gaida kowa.

Yayarki